Tantance Lenovo na hannu: abin da lambar gindi da bakin caja suke faɗa game da kamfanin

Idan kwalin kwamfutocin hannu ya iso shago, ba da maɓallin kunnawa muke farawa ba. Kifa kowace muke yi mu karanta takardar da ke manne a gindinta, domin sunan Lenovo da ke kan murfi bai isa ya gaya wa mai gyara abin da ke ciki ba. A kwali ɗaya sai ka tarar da ThinkPad, wadda asalinta 'yar gidan IBM ce, da IdeaPad, wadda Lenovo, kamfanin ƙasar Sin, ya haifa da kansa, wani lokaci har da Medion ta Jamus ko NEC ta Japan, waɗanda su ma yanzu suna ƙarƙashin inuwarsa. Cajarsu ba ɗaya ba, batirinsu ba ɗaya ba, ƙarfin ƙashinsu ma ba ɗaya ba. Kamfanin ya girma ne da saye, kuma yawancin abin da ya saya ya bar shi da halinsa. Wanda bai san wannan ba zai yi ta odar kayan gyara suna zuwa ba sa shiga.

A jikin takardar, abu biyu muke kwafewa: lambar nau'in inji da lambar siriyal. Lambar nau'i haruffa huɗu ce. 2349 na nufin ThinkPad T430, 20AN na nufin T440p, 20L5 kuma T480. Daga nan sai mu kunna, mu danna F1 mu shiga BIOS, wato shafin saitin inji da ke buɗewa kafin Windows, mu gwada abin da ke shafin farko da abin da muka kwafa. In sun saɓa, to an taɓa canza madabod ko murfin ƙasa, kuma abin da BIOS ya faɗa shi ne gaskiya, shi za a bi wajen neman kaya. Wannan tsarin lamba huɗu gadon IBM ne, Lenovo bai taɓa shi ba.

Jefi-jefi tsohuwa tana faɗowa cikin kaya, irin T60 ta 2006, da tambarin IBM mai launi uku a kusurwar murfi. Masu saye kan ce wannan ce ta asali, ta Amurka, kafin 'yan Sin su karɓa. Ba haka ba ne. T60 a zamanin Lenovo ta fito. An sanar da cinikin sashen kwamfutocin IBM a Disamba 2004, aka kammala ranar 1 ga Mayu 2005, a kan dala biliyan 1.25, wato miliyan 650 tsabar kuɗi da miliyan 600 a hannun jari, ban da bashin kusan dala miliyan 500 da Lenovo ya ɗauka. Cikin yarjejeniyar akwai izinin ci gaba da manna tambarin IBM har shekara biyar. Lenovo bai ma jira wa'adin ya cika ba, ya cire shi tun a zamanin T61. Abin da ya riƙe gam shi ne mutanen: injiniyoyin ɗakin binciken Yamato na Japan, waɗanda suka fito da ThinkPad 700C a 1992, da ofishin jihar North Carolina, wanda yake garin Morrisville a yau. Shi ya sa baƙin akwatin da Richard Sapper ya zana da jan ɗigon nan na tsakiyar kibod ba su sauya ba.

Abin da yake ba mai gyara sha'awa a tarihin kamfanin shi ne, da irin aikinmu ya fara cin abinci. A Nuwamba 1984 Liu Chuanzhi da abokan aikinsa goma suka fito daga sashen nazarin kwamfuta na Cibiyar Kimiyya ta ƙasar Sin, da jarin yuan 200,000 da cibiyar ta ba su, suka zauna a wani ɗakin maigadi a unguwar Zhongguancun ta Beijing. Masana ne, ba 'yan kasuwa ba, kuma kasuwa ta nuna musu haka: sun gwada cinikin talabijin, sun gwada agogon lantarki, ba su ji da daɗi ba. Kuɗi ya fara shigowa ne lokacin da suka koma duba kwamfutocin da ake shigowa da su daga waje, su tabbatar da lafiyarsu, su girka, su koya wa ma'aikata amfani da su. Sai kuma katin da Ni Guangnan ya ƙera, wanda ake sokawa cikin kwamfuta irin ta IBM ta iya rubutun Sinanci. In ka rubuta harafi ɗaya, katin yana kawo maka waɗanda suka saba biyo bayansa. Wannan dabara sunanta lianxiang, wato tunani ya jawo tunani, kuma har gobe da sunan nan ake kiran kamfanin a gida. A waje Legend ne, har zuwa 2003 da suka tarar an riga an yi rajistar wannan suna a ƙasashe da yawa, suka ɗauki "Le" suka haɗa da "novo", kalmar Latin mai nufin sabo.

Mataki na biyu caja, kuma a nan ake yawan yin asara. Bakin caja kaɗai ya isa ya gaya maka zamanin inji. Na IBM, har zuwa T43, bolt 16 ne da siririn baki. Daga T60 aka koma bolt 20 da faffaɗan baki zagayayye mai allura a tsakiya, aka tafi da shi har T430. A zamanin T440, wato 2013, aka koma baki mai kusurwa huɗu, rawaya a ciki, wanda wasu ke ɗauka USB ne har su yi ta cusa shi a ramin da ba nasa ba. T470 tana karɓar wannan da USB-C duka biyu, T480 kuwa USB-C kawai.

Allurar tsakiya ba wuta take kaiwa ba. Razista ce ɗaure tsakaninta da ƙasa, da ita kwamfutar take gane ƙarfin cajar. Muna zare cajar daga wuta, mu sa mita a kan om, mu auna tsakanin allurar da jikin bakin na waje. A zagayayyen baki, caja mai wat 65 tana nuna kusan om 10,000, mai wat 90 kuma ba ta nuna komai, a buɗe take. A mai kusurwa huɗu, wat 45 kusan om 120 ne, wat 65 kusan 280, wat 90 kusan 550. Amfanin wannan awo biyu ne. Cajar jabu takan zo da razistar wat 90 alhali cikinta bai kai ba, sai injin ya ja wutar da ya ga an yi masa alkawari, cajar ta yi zafi ta mutu. Sannan idan allurar ta lanƙwashe ko wayarta ta tsinke, mita za ta nuna bolt 20 lafiya lau amma batir ya ƙi caji, ko furosesa ya rage gudu. Mutum ya buɗe inji yana neman ciwo a madabod, alhali ciwon yana bakin waya.

Kafin mu saki ko da noti ɗaya, sai mun gama da BIOS. A shafin tsaro muke duba ko akwai kalmar sirrin mai kula, wato ta sufabaiza. Yawancin ThinkPad da ke zuwa mana daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito bayan wa'adin hayarsu ya ƙare, kuma ba kowane ofishi ne ke cire kullensa ba. Wannan kalmar ba a batirin agogo take zaune ba, a wani ɗan guntun lantarki daban take, wato IC, don haka cire ƙaramin batirin ba ya goge ta. Ƙara ɓata lamari ma yake yi. Injin da yake da kullen amma yana shiga Windows lafiya, da zarar an cire batirin agogo sai kwanan wata ya ɓace, ya kawo kuskure mai lamba 0271, ya nemi a shiga BIOS a gyara, BIOS kuma ya nemi kalmar da babu wanda ya sani. An tashi daga inji mai aiki an koma ƙarfe. Muna kuma duba Computrace, tsarin bin sawun inji daga nesa, wanda yanzu ake kira Absolute. In yana kunne, tsohon mai shi yana iya kulle injin daga nesa ko da an sake Windows. Duk wadda muka samu da ɗayan biyun nan, gefe take komawa a mayar wa dila. Ba ma sayar wa ɗalibi abin da zai kulle masa ana gobe jarrabawa.

Waɗannan kulle-kulle ba don mugunta aka yi su ba. ThinkPad kayan manyan ofisoshi ce, kuma waɗannan kwastomomi su ne ainihin abin da Lenovo ya saya a 2005. Su ne kuma suka kusa kayar da shi. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 2008, kamfanoni suka daina sayen kwamfuta, Lenovo ya yi asarar dala miliyan 226 a shekarar kuɗi ta 2008 zuwa 2009. Shugabannin Amurkawa biyu da aka gwada bayan cinikin, Steve Ward da William Amelio wanda aka ɗauko daga Dell, zamaninsu ya ƙare. A Fabrairu 2009 Liu ya dawo kujerar shugaban hukumar gudanarwa, Yang Yuanqing ya koma jan ragamar aiki, suka sa tsarin tsare kasuwar gida da ta ofisoshi, da kai hari kasuwannin ƙasashe masu tasowa da na masu saye ɗai-ɗai.

Yang ba baƙon irin wannan yaƙi ba ne. A farkon shekarun 1990, da gwamnatin Sin ta sassauta harajin shigo da kwamfuta, kamfanonin waje suka cika kasuwa, Legend kuwa bai daɗe da fara fitar da kwamfuta mai sunansa ba, a 1990. A 1994, shekarar da kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Hong Kong, aka damƙa wa Yang sashen kwamfuta yana ɗan shekara 29 zuwa 30. Ya daina sayarwa kai tsaye ya dogara da diloli, ya rage kayan da ke kwana a sito, a 1996 kuma ya yi ta karya farashi har kwamfuta mai Pentium ta sauko ƙasa da yuan 10,000. Kafin 1997 ta ƙare, Legend ne na ɗaya a Sin. A daidai wannan lokaci ne aka yi rigimar da har yau ake muhawara a kanta a can. Ni Guangnan yana son a zuba kuɗi a ƙera guntun furosesa da fasahar gida, Liu yana ganin ciniki ne farko, sai masana'anta, fasaha ta biyo baya. Liu ya yi rinjaye, aka sauke Ni daga babban injiniya a 1995. Duk wanda ya buɗe Lenovo yau yana ganin sakamakon da idonsa: furosesa na Intel ko AMD, Windows na Microsoft, sikirin da RAM na wasu kamfanoni. Gwanintar Lenovo tana wajen zane, haɗawa, saye da yawa a farashi mai sauƙi, da kai kaya inda ake so. A ganinmu Liu ya yi daidai a lissafin kasuwar lokacinsa, amma tambayar Ni ba ta mutu ba.

Batir. Daga T440 zuwa T480 batir biyu ne, ɗaya a ciki mai kusan wat-awa 24, ɗaya a waje mai 24 ko 48 ko 72, ana iya zare na wajen a sa wani ba tare da an kashe inji ba. Mai sayarwa zai nuna maka na waje yana cike, na ciki kuwa ya mutu ko ma babu shi. A Windows muna rubuta powercfg /batteryreport, mu gwada ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda yake ɗauka yanzu, kowane batir da layinsa. In ya sauko ƙasa da kashi 60 cikin ɗari, muna lissafa kuɗin sabo a cikin farashi. In kuma wurin ajiye hannu ya ɗago ko faifan linzami ya yi tauri wajen dannawa, batirin ciki ya kumbura, cire shi ake yi nan take, ba a huda shi, ba a danne shi. Wani tarko kuma yana tsakanin T420 da T430. Batirinsu siffa ɗaya ce, yana shiga daram, amma daga T430 injin yana tantance batir, in bai gane shi ba, zai yi aiki da shi amma ba zai caja shi ba. T430 batir mai alamar 70+ ko 70++ take so, ba 55+ na T420 ba.

Sai buɗewa. Ga inji mai batirin ciki, muna shiga BIOS, sashen wuta, mu zaɓi kashe batirin ciki, injin ya mutu da kansa, sannan mu zare caja. Wanda ya tsallake wannan ya zare igiyar sikirin, yana iya ƙone fiyus ɗin hasken sikirin a kan madabod, injin ya tashi amma hoton ya yi duhu sai da tocila. Notunan murfin T480 ba sa fita gaba ɗaya, sakinsu kawai ake yi, a bi gefe da roba mai kauri, ba da sukurudireba ba. Kowane ɓangare a ciki yana da lambar FRU, wato lambar kayan gyara, a jikinsa, kuma kowace ThinkPad tana da littafin gyaranta kyauta a shafin kamfanin, da hoton kowane noti da tsayinsa. Wannan ma al'adar IBM ce da aka bari, kuma ita ce babban dalilin da ya sa masu gyara suke son injin. Da lambar FRU muke oda, ba da sunan inji ba, domin T480 ɗaya tana iya zuwa da sikirin iri-iri. Igiyar sikirin T430 mai fil 40 ce, ta T440 zuwa sama yawanci mai fil 30, ba sa musanya. RAM ma haka: T430 DDR3, T440 zuwa T460 sai DDR3L mai bolt 1.35, T470 da T480 DDR4. In aka sa DDR3 na bolt 1.5 a T440, baƙin sikirin za a gani. Katin wayafai kuma, a injinan da suka girmi T450, in ba ya cikin jerin da BIOS ya amince da shi, kuskure 1802 zai fito injin ya tsaya cak.

Fanka muke cirewa mu share ƙurar da ta toshe haƙoran tagulla, domin ƙurar hunturu ba ta barin kowa, mu goge tsohon man furosesa da sifirit, mu ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa. In fankar ta ƙi juyawa lokacin tashi, injin zai rubuta saƙon kuskuren fanka ya kashe kansa. Kariya ce, ba lalacewar madabod ba.

Kibod shi ne inda masoya ThinkPad suka fi yi wa Lenovo ƙorafi. Mai layi bakwai na gargajiya ya ƙare a T420 da X220, a 2012 aka koma mai layi shida. A T440 aka cire maɓallan linzami na zahiri, mutane suka yi ca, aka dawo da su a T450, kuma faifan T450 yana shiga T440 in aka sa direban da ya dace. Mu abin da ya fi damunmu shi ne tsarin haruffa. Kayan Jamus Z da Y a juye suke, na Faransa da AZERTY suke zuwa, wanda mai saye daga Maraɗi ko Damagaram zai karɓa da murna amma na Kano zai dawo da shi, na Japan kuma da ƙarin maɓallai da gajeren maɓallin tazara.

Waɗannan Jamusawa da Japanawa ba da haɗari suke shigowa kwalin ba. A 2011 Lenovo ya haɗa gwiwa da NEC a Japan, ya kuma sayi Medion, mai sayar da kwamfuta a shagunan Aldi. A 2013 ya zama na ɗaya a duniya wajen yawan kwamfutocin da ake fitarwa, ya wuce HP. A 2014 ya sayi Motorola Mobility daga Google a kan dala biliyan 2.91, da sashen sabar x86 na IBM, wato manyan kwamfutocin ajiyar bayanai, daga baya kuma kashi 51 na sashen kwamfutocin Fujitsu. Dabara ɗaya ce ake maimaitawa: a sayi suna da mutanen ƙasa suka yarda da shi, a bar sunan, a haɗe sayen kaya da masana'anta. Babbar masana'antar laftop ɗinsa tana Hefei, akwai wasu a Meziko, Indiya, Burazil da Hungari. Don haka direbobin Medion a shafin Medion ake nemansu, na NEC a shafin NEC.

IdeaPad, wadda ta fito a Janairu 2008, duba daban take so. Kayan gida ce da aka yi don farashi, kuma kamar takwarorinta na kowane kamfani, notunan hinjinta a cikin roba suke zaune, ba a ƙarfen magnesiyam irin na jerin T ba. Muna buɗe murfin a hankali muna kallon kusurwa. In roba tana buɗe baki, mazaunin notin ya fashe. Gyaran shi ne a sassauta notin hinjin kaɗan, kamar rubu'in juyi, a sake kafa mazaunin da gam mai haɗi biyu, a bar shi awa 24. Wanda ya liƙe bai sassauta hinjin ba, cikin wata guda zai sake ganin injin. ThinkPad jerin E ma, duk da sunan, ta fi kusa da wannan dangi a gini fiye da T ko X.

Kowane inji muna goge faifansa mu sa Windows sabo daga filasha, ba ma amfani da ajiyar farfaɗowa da ta zo da shi. A kwamfutocin gida na ƙarshen 2014 zuwa farkon 2015 akwai dalili na musamman: manhajar talla ta Superfish da kamfanin ya sa a ciki, wadda ta buɗe ƙofar da ɓarawo zai iya leƙa bayanan da ake aikawa a ɓoye. Magana ta kai gaban hukumar kula da ciniki ta Amurka, aka sasanta a 2017, kamfanin ya biya jihohi 32 dala miliyan 3.5. ThinkPad ba ta cikin waɗanda abin ya shafa. Ita nata abin lurar yana injinan 2017 zuwa 2019, ciki har da T470 da T480, inda kamfanin da kansa ya sanar cewa tsohuwar manhajar IC ɗin Thunderbolt tana iya kashe ramin USB-C. A T480, wadda ta wannan hanya kaɗai take shan wuta, ba abin wasa ba ne. Muna sa direban Thunderbolt tukuna, sannan sabuwar manhajar IC ɗin, caja a jiki, batir a cike, kuma ba lokacin da ake tsoron ɗauke wuta ba.

Daga nan sai rabo. T480 mai furosesa zubi na takwas da abin da ya biyo bayanta suna hawa layin farko, domin furosesan Intel zubi na takwas ne farkon wanda Windows 11 ya amince da shi gaba ɗaya, kuma tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. T480 tana da ramin RAM biyu, T490 kuwa ɗaya ne, ɗayan an narka shi a madabod, don haka a T490 sai an duba nawa aka narka kafin a yi ciniki. T470 zuwa ƙasa suna layi na biyu, a gaya wa mai saye gaskiyar matsayinsu, ko a sa musu Linux. T430 da T440p, masu furosesan da ake cirewa a canza, muna ware su ga masu son ƙara wa inji ƙarfi da hannunsu. A jikin kowace muna manna takarda da lambar nau'i, kashin batir na ciki da na waje, irin bakin caja da wat ɗinta, da tsarin kibod.